Cinikin Lokaci: Saurin Labulen Kyamara a Hasken da Ba Ya Ɗaukewa

A saman tsohuwar kyamarar fim irin Pentax K1000, wadda aka fara ƙerawa a 1976, akwai wani ɗan faifai mai lambobi: 1, 2, 4, 8, 15, 30, 60, 125, 250, 500, 1000. Kowace lamba tana faɗin tsawon lokacin da labulen cikin kyamara zai buɗe haske ya faɗa wa fim. Idan ka sa 60, kashi ɗaya cikin sittin na sakan ke nan, kuma kowane taki zuwa sama yana rage lokacin da rabi. Masu hoto da yawa da suka koyi sana'a da filasha sun saba barin faifan nan a kan 60 su manta da shi. Ba su yi kuskure ba a wancan aikin, domin 1/60 ne iyakar saurin da wannan kyamara ke jituwa da filasha, kuma walƙiyar filashar, wadda takan ƙare cikin kashi ɗaya cikin dubu na sakan ko ƙasa da haka, ita ke tsayar da motsi. Matsalar tana farawa ne ranar da aka kashe filasha aka kunna fitila.

A hasken da ke ci ba ɗaukewa, ko na rana ko na ƙwan lantarki, labule yana ɗaukar aiki biyu a lokaci guda: shi ke auna yawan hasken da zai shiga, shi ke kuma yanke hukuncin ko motsi zai tsaya ko zai shafe. Tun farkon sana'ar aka ga haka. A hoton da Louis Daguerre ya ɗauka na titin Boulevard du Temple a birnin Faris a 1838, kekunan doki da masu wucewa duk sun ɓace, saboda ɗaukar ta ci mintuna. Wanda ya fito sarai shi ne wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. A Bamako ma, Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin hotonsa a 1948, ya fi dogara da hasken rana, shi ya sa mutanensa suke zaune ko jingine cikin natsuwa. Malick Sidibé kuwa, da yake bin matasa wuraren rawa da dare, da filasha ya riƙa kama su suna tsakiyar juyi.

Ɗauki misali a ɗakin hoto. Ka sa fim mai ƙarfin 400, kamar Ilford HP5 ko Kodak Tri-X, ka kunna fitila, mitar auna haske ta ce 1/60 a buɗin gilashi f/2.8. Abin da mita ta ba ka farashi ne, sauran ciniki naka ne. Kana iya zuwa 1/125 a f/2, ko 1/30 a f/4, ko 1/15 a f/5.6, duk hasken ɗaya ne, amma hotunan ba ɗaya ba ne. Idan dattijo ne zaune da babbar riga, hannu a kan gwiwa, ɗora kyamara a kan ƙafa uku ka sauka 1/30, aikin zaren wuyan rigar da fuskar su fito tare. Idan yaro ne ɗan shekara uku da ba ya zama wuri ɗaya, 1/125 ma da ƙyar, sai ka haƙura da kaifin bango ka nemi idanunsa kawai. Taura biyu ba ta taunuwa.

Akwai tsohuwar ƙa'idar da ake koya wa almajiran sana'a: kada lambar sauri ta gaza tsawon gilashin kyamara. Mai milimita 50 yana son 1/60, mai 135 yana son 1/250. Ƙa'idar tana da amfani, amma rawar hannun mai ɗauka kaɗai take magani. Ba ruwanta da amaryar da ta juya kai ana dannawa. Ƙafa uku ma kyamara take riƙewa, ba ta riƙe mutum. Wanda ya rasa sauri kuwa, sau da yawa maganinsa a fitila yake: matso da ita daga mita biyu zuwa mita ɗaya, haske ya ninka huɗu, 1/30 ya koma 1/125 ba tare da ka taɓa f ba.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne ɗaukar da ake yi cewa duk hasken da ido ya ga yana ci, a tsaye yake. Wutar lantarki a Nijeriya da Nijar, kamar ta Turai, tana juyawa sau 50 a sakan, ta Amurka sau 60. Doguwar fitilar fulorasan irin ta da tana haskawa tana dishewa sau 100 a kowane sakan a wutarmu, haka ma ƙwayayen LED masu arha da yawa. Ido ba ya kama wannan, fim yana kamawa. A 1/500, kashi ɗaya cikin biyar na bugu guda kawai labule zai tarar, ko a ganiyarsa ko a dishewarsa, sai a wanke fim a ga hoto ɗaya ya yi haske, na kusa da shi ya yi duhu, wani ma gefe guda ya canza launi. A 1/60 ko 1/30 bugun da ke shiga ya fi ɗaya, bambancin sai ya ragu. Ƙwan tangistan mai zare ba shi da wannan damuwa sosai, domin zaren ba ya hucewa tsakanin bugu da bugu. Idan kuma da janareta ake aiki, a sake auna haske duk lokacin da ƙararsa ta canza.

Tangistan yana da nasa harajin. Haskensa ja-ja ne, wajen 3200 a ma'aunin Kelvin, alhali fim mai launi na yau da kullum an yi shi ne don hasken rana, wajen 5500. Shuɗin gilashin 80A yana gyara launin, amma yana cinye taki biyu, wato 1/60 ya faɗo 1/15. Shi ya sa wasu ke neman fim irin CineStill 800T da aka daidaita da tangistan, wasu kuma su koma baƙi da fari su huta. Can ƙasa kuma, da zarar ɗauka ta wuce sakan guda, fim yakan fara kasala, abin da Karl Schwarzschild ya yi bayaninsa wajen 1900. A lissafin Ilford, sakan 10 na mita a kan HP5 yana buƙatar kusan sakan 20.

Kyamarar dijital tana nuna kuskure nan take a gyara. Mai fim yana da hoto 36 a naɗi ɗaya, ba zai ga ko guda ba sai an wanke, lokacin da biki ya watse. Don haka tsarin da ya fi masa aminci shi ne ya fara duban wanda ke gabansa da irin motsinsa, ya dubi fitilar da ke sama, ya zaɓi sauri, sannan ya tambayi mita abin da ya rage na f.