Jakar Batwoman, da Abin da Hoda da Awarwaro Suka Faɗa

A fitowa ta 233 ta mujallar zane-zane Detective Comics, wadda aka buga a Amurka a 1956, wata mace ta shigo birnin Gotham a kan babur, fuskarta a rufe, jaka rataye a kafaɗarta. Sunanta Kathy Kane, laƙabinta Batwoman. Edmond Hamilton ne ya rubuta labarin, Sheldon Moldoff ya zana shi. A lokacin Batman ya shekara 17 yana farautar ɓarayi da ɗamararsa mai aljihuna, cike da igiya da ƙwayoyin hayaƙi. Ita kuwa da aka tashi ba ta makamai, sai aka zuba mata su cikin jakar kwalliya.

Mai karatu ya leƙa cikin jakar nan da kyau, domin a nan maganar take. Akwai hoda, amma wadda ke sa ɓarawo atishawa har ya kasa tsayuwa. Akwai awarwaro, waɗanda a gaskiya ankwa ce. Akwai ragar ɗaure gashi da ke buɗewa ta kama ƙato, da hayaƙi mai sa hawaye a ɓoye cikin kayan shafe-shafe. Nakan gaya wa ɗalibaina cewa abin da marubuci ya ɗora wa mutum a hannu ya fi abin da ya sa masa a baki faɗin gaskiya. Kuma idan za a yi adalci, dabarar tana da kyau. Makamin da abokin gaba bai ɗauka makami ba ya fi wanda ake gani tun daga nesa, kuma kayan suna aiki: a wannan labari na farko ita ce ta ceci Batman. Ba kuma ƴar koyo ba ce, domin kafin ta gāji dukiya sana'arta wasan lilo a sama da nuna bajinta a kan babur.

To, ina aibin? Aibin shi ne kowane makami nata yana aiki biyu. Yana ka da ɓarawo, yana kuma tuna wa yaron da ke karatu cewa wannan fa mace ce, ta shigo fagen da ba nata ba. Ɗamarar Batman ba ta cewa komai game da mazakutarsa, kayan aiki ne kawai. Jakar Kathy kuwa ba ta barin a manta da jinsinta ko a shafi guda. Ƙarshen labarin ya fito da abin fili. Batman ya bi sawunta har maɓoyarta, ya nuna mata cewa tun da shi ya gano ko wace ce, miyagu ma za su gano, sai ta yarda ta ajiye aikin. Wato wadda ta cece shi ita aka sallama, da sunan kare lafiyarta.

Ba a fahimtar wannan sai an koma 1954. A shekarar ce likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya fitar da littafinsa Seduction of the Innocent, inda ya zargi mujallun zane da lalata tarbiyyar yara, ya kuma yi zargin cewa zaman Batman da Robin a gida ɗaya ba mace yana nuni da neman jinsi. Majalisar dattawan Amurka ta yi zama a kan mujallun, masu buga su kuma suka kafa wa kansu hukumar tacewa. Shekara biyu bayan haka Batwoman ta bayyana, kuma masu tarihin fannin da yawa suna ganin amsa ce ga wancan zargi. Idan haka ne, an kawo ta ne ta zama shaida, ba jaruma ba. Shi ya sa da aka dawo da ita, rabin hankalinta yana kan yadda za ta auri Batman, shi kuma yana zillewa. A 1961 aka ƙara da wata yarinya ta danginta, Betty Kane, domin Robin ma ya samu mai bibiyarsa.

Da Julius Schwartz ya karɓi ragamar mujallun Batman a 1964, sai ya share su duka biyu. A 1967 aka kawo Barbara Gordon, Batgirl, ma'aikaciyar ɗakin karatu mai zurfin ilimi. An ce an ci gaba, kuma an ci ɗin. Amma a wani labari na 1968, sai ga ta ta tsaya ana tsakiyar faɗa tana duba safarta da ta tsage. Tsohuwar jakar ce ta dawo ta wata ƙofa.

Ita Kathy Kane, an waiwaye ta a ƙarshen shekarun 1970 tana riƙe da gidan wasa irin wanda ta fito daga cikinsa. A 1979, a fitowa ta 485 ta mujallar da ta haife ta, ƙungiyar makasa ta hallaka ta, sauran shafukan kuma suka tafi a kan yadda Batman zai ɗauki fansa.