Raba Asara Biyu Ba Sulhu Ba Ne: Tsokaci Kan Rikicin Hayar Na'urorin Ofis

A unguwar Hayin Banki da ke arewacin birnin Kaduna, kamar sauran unguwanninmu, shagunan buga takardu da ƙananan makarantu sun dogara da na'urar hoton takarda da firinta da kwamfuta. Wanda bai da ƙarfin saye yakan karɓi haya. Rikici na tasowa ne idan aka ba shi na'ura da sunan sabuwa, daga baya makaniki ya buɗe ta ya tarar ta hannu ce, an wanke ta an mayar da lissafin shafukan da ta buga zuwa sifili. Abin da masu shiga tsakani suka fi yi shi ne su ce a raba asarar biyu, kowa ya yi haƙuri. Wannan tsokaci yana ganin hukuncin nan ya kauce wa fiƙihun da ake jingina shi gare shi.

Hujjarsu ta farko ita ce na'urar tana aiki, don haka babu aibi. Sai dai a mazhabar Malikiyya zaɓin mayarwa bai taƙaita ga aibi ba. Shehu Khalil ya tabbatar a Mukhtasar cewa rashin siffar da aka shardanta, matuƙar akwai manufa a cikinta, yana ba da damar warware ciniki. Sabunta siffa ce mai manufa, domin a kanta aka yanka kuɗin haya. Haya kuwa sayar da amfani ce, saboda haka ƙa'idar ciniki tana hawa kanta.

Ta biyu ita ce ba a rubuta kalmar "sabuwa" a takarda ba. Amsar tana cikin mas'alar tasriya, wato barin nono ya taru a hantsar dabba don mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ba mai saye zaɓin riƙewa ko mayarwa tare da sa'i na dabino. Khalil ya ɗauki wannan yaudara ta aiki a matsayin sharaɗin da aka furta. Goge lissafin na'ura da sanya ta cikin sabon kwali tasriyar zamaninmu ce: hannu ya faɗi abin da baki ya ɓoye.

Ta uku ita ce ɗan haya ya riga ya ci moriya. Gaskiya ne, kuma adalci bai yarda ya ci kyauta ba. Amma abin da ya dace ya biya na watannin da suka wuce shi ne hayar irin wannan tsohuwar na'ura kamar yadda masana kasuwar suka kimanta, a mayar masa da rarar. Lalacewar da tsufa ya jawo kuma tana wuyan mai kaya, domin ɗan haya amintacce ne, ba ya lamuni sai ya yi sakaci ko ƙetare iyaka.

Babban kuskuren yana cikin fahimtar sulhu kansa. Malikawa sun bayyana cewa sulhu a kan wani sashe na haƙƙi kyauta ce daga mai haƙƙin. Kyauta kuwa ba ta inganta sai da sani da yardar zuci. Idan ba a fara bayyana wa wanda aka yaudara iyakar haƙƙinsa ba, sannan aka taru aka matsa masa da kunyar dattawa, abin da ya bari ba kyauta ba ce. Bugu da ƙari, mayaudarin da ya san rabin ribarsa zai tsira ko da asirinsa ya tonu ba shi da dalilin dainawa.

Tsarin da ya fi kusa da shari'a shi ne a fara da tabbatar da da'awa ta hanyar shaidu da binciken makanikai adalai kan lambar na'ura da kayan cikinta. Sannan a sanar da ɗan haya zaɓinsa na warwarewa ko ci gaba. Bayan haka ne ake kiran sa zuwa ga rangwame, in ya ga dama. Ya kamata kuma limamai da shugabannin 'yan kasuwa su riƙa kwaɗaitar da rubuta siffar kaya da lambarsa tun farko, abin da ya dace da ruhin ayar bashi a Suratul Baƙara, kuma Dokar Hayar Kayan Aiki ta Nijeriya ta 2015 ta tanadi rajistar irin wannan yarjejeniya. Allah ne Mafi sani.