A Ci Lafiya: Zari da Kamewa a Koyarwar Kirista

Duk wanda ya ji sunan Achilafiya, garin nan na ƙaramar hukumar 'Yankwashi a masarautar Kazaure, kunnensa zai fara jin addu'ar da ake yi wa mai cin abinci: a ci lafiya. Addu'a ce gajera, amma tana nuna cewa Bahaushe ya san akwai cin da ba na lafiya ba. Yana da sunaye da yawa ga irin wannan ci. Akwai zari, akwai haɗama, akwai kwaɗayi, ga kuma acici, sunan da ake tsokanar yaro da shi idan hannunsa ba ya barin kwano. Mazauna wannan yanki akasarinsu Musulmi ne, sun kuma tashi da karantarwar raba ciki gida uku, na abinci da na ruwa da na numfashi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne maƙwabtansu Kiristoci su ma suna da tsohon karatu mai zurfi a kan wannan batu, ko da yake ba kasafai ake jin sa daga bakin mai wa'azi ba.

Kiristanci ya shigo wannan ɓangare ta hannun 'yan mishan na SIM, waɗanda suka yi tasha da makarantar kwana ta yara maza a Roni tun zamanin Turawa. Daga aikin SIM ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Littafi Mai Tsarki kuwa ya fito cikakke da Hausa tun 1932. A cikinsa, babi na 23 na Karin Magana ya haɗa mashayin giya da mai zarin nama a igiya ɗaya, ya ce ƙarshensu talauci. 'Yan mishan sun kama rabin maganar da ƙarfi. Bamaguje da ya tuba, abu na farko da ake nema daga gare shi shi ne ya rabu da tukunyar burkutu, har ya zama barin giya kusan shi ne shaidar tuba. Rabi na biyu, wato zarin abinci, ba a dame shi ba sosai. Dalilin a fili yake. Wa zai tsaya gaban manomin da rumbunsa ke ƙarewa kafin gero ya nuna, ya yi masa wa'azin rage ci?

Asalin karatun daga hamadar Masar ya taso. Wani mai zuhudu, Ebagiriyus, wanda ya rasu a shekara ta 399, ya jera miyagun tunani takwas da ke addabar mai ibada, ya sa zarin ciki a farko. A ganinsa ciki ne ƙofar gari: idan aka ci shi da yaƙi, sauran sha'awoyi sai su shigo ba tare da an tare su ba. Almajirinsa Yohanna Kasiyan ya kai wannan koyarwa kudancin Faransa ta yau, ya ƙara da gargaɗin da mutane kan manta, cewa azumin da ya wuce kima ɓarnarsa ɗaya da cin da ya wuce kima, domin wanda ya galabaitar da kansa yau, gobe zai faɗa wa kwano kamar kura. Shi kansa Ebagiriyus tsananin ƙuntata wa ciki ya lalata masa lafiya a ƙarshen rayuwarsa, sai da ya koma cin dafaffen abinci.

Wanda ya fi kowa tsefe maganar shi ne Fafaroma Giregori Babba, da ya yi mulki daga 590 zuwa 604. Shi ne ya tsara jerin manyan zunubai bakwai, ya kuma nuna cewa zari fuska biyar gare shi: ci kafin lokaci, neman mai tsada, tsirfa wajen yadda za a girka, wuce ƙoshi, da kuma rawar jiki a kan abinci. Kowace fuska ya kawo mata misali daga Nassi. Isra'ilawa a jeji suna da manna a hannu amma suka yi ta kukan naman Masar. 'Ya'yan Eli firist suka ƙi dafaffen naman hadaya, suka ce sai ɗanye don su gasa yadda suke so. Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Isuwa, wanda ya dawo daga farauta da yunwa ya sayar wa ƙanensa Yakubu matsayinsa na ɗan fari a kan kwanon fate. Fate fa, abincin talaka. Ba a ce ya ci ya wuce ƙoshi ba, ba a ce abincin haramun ne ba. Laifinsa rashin haƙurin sa'a guda. Bahaushe ya riga ya taƙaita wannan labari da ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Idan aka lura, ɗaya kawai cikin fuskoki biyar ɗin nan ya shafi yawan abin da aka ci. Toma Akwinas, malamin da ya rasu a 1274, ya bi sawun Giregori ya ce zari sha'awar ci ce da ta fita daga linzamin hankali. Saboda haka siririn mutum mai cin cokali uku, amma ya tayar wa matarsa hankali don miya ba ta ji daddawa yadda yake so ba, ya faɗa tarkon da ƙaton manomi mai tashi da malmala huɗu bayan wuni yana huɗa bai faɗa ba. Wannan, a ganina, shi ne mafi ƙarfin abin da wannan al'ada ta zo da shi, domin ta hana a auna tsoron Allah da girman tumbi.

Akwai kuma wani abu da ya sa Kirista ba zai iya ƙyamar abinci ba. Maƙiyan Yesu Almasihu sun zarge shi da zarin ci da sha, kamar yadda Matiyu 11 da Luka 7 suka ruwaito, saboda yana zama cin abinci da masu karɓar haraji da waɗanda jama'a ta tsana, alhali Yahaya Mai Baftisma da ke zaune a jeji kan fara da zuma sun ce yana da aljani. A Markus 7 an nuna cewa abin da ke ƙazantar da mutum daga zuciya yake fitowa. Shi ya sa Kiristanci bai riƙe jerin haramtattun abinci irin na Yahudawa ba, sai ya ɗora nauyin a kan kamun kai, wanda Manzo Bulus ya lissafa cikin 'ya'yan Ruhu a wasiƙarsa ga Galatiyawa. Sauƙi ne ta wani gefe, ta wani gefen kuma wahala. Doka mai cewa kada ka taɓa kaza tana da sauƙin bi. Wadda ta ce ci, amma ka san inda za ka tsaya, ta bar mutum da zuciyarsa.

Ikilisiyoyi ba su bar abin haka sake ba, sun yi masa lokuta. Ƙa'idar Benedikti ta ƙarni na 6 ta yanka wa masu zuhudu dafaffen abinci kala biyu, ta hana naman dabba mai ƙafa huɗu sai ga marar lafiya. Katolika da Angilikan suna da azumin kwana 40 kafin Ista. A Katolika, tun gyaran Fafaroma Bulus na Shida a 1966, azumin dole ya tsaya a kan Larabar Toka da Juma'ar da ake tunawa da gicciye Almasihu, inda ake cin cikakken abinci sau ɗaya. Kiristocin Habasha suna cikin waɗanda suka fi tsanani, azuminsu na kafin Ista kwana 55 ne ba nama ba nono, ban da Laraba da Juma'ar yawancin makonni. Furotestan birnin Zurik na Suwizalan kuwa sun fara tawayensu a 1522 ne da cin nama cikin azumi, don su nuna cewa Nassi bai wajabta shi ba. ECWA jikar wannan ra'ayi ce, don haka azumi a wurinta na ganin dama ne, ko wanda shugabanni suka kira don wata bukata.

A nan ne kalandar da aka gada take karo da ƙasarmu. A Turai azumin kafin Ista yana faɗowa ne ƙarshen hunturu, lokacin da ajiyar gida ta yi ƙasa, sai ibada ta zo daidai da halin da ake ciki. A Roni ko Gwiwa kuwa, tsakanin Fabrairu da Afrilu akwai sauran gero da dawa a rumbu. Yunwa ta gaske sai Yuli da Agusta, an yi shuka, ana noma, hatsi ya yi tsada a kasuwa, ana haɗawa da tafasa da zogale don a kai ga sabon gero. Babu sunan wannan azumi a littafin kowace ikilisiya, amma shi ne wanda talaka ya fi sani. Kirsimeti kuma tana zuwa bayan kaka, da shinkafa da nama, ana aika kwano gidan maƙwabta kamar yadda su ma suke aikowa da Sallah. Wanda ya ga yaron ƙauye ya ci ya yi nak a wannan rana ya kira shi acici, bai san watannin da yaron ya ratso ba.

To ina zarin yake a irin wannan ƙasa? Nassi ya amsa ta wata hanya da Giregori ma ya taɓa. Annabi Ezekiyel a babi na 16 ya lissafa laifin Saduma da girman kai da ƙoshi da jin daɗi, tare da ƙin taimakon matalauci. Attajirin Luka 16 ba a faɗi wani laifi nasa ba illa yana shagali kullum, matalauci Li'azaru na kwance a ƙofarsa. Bulus ya yi wa Korintiyawa faɗa don a taron cin Jibin Ubangiji masu hali kan riga su ci nasu, wani ya bugu, wani ya tashi da yunwa. Ishaya 58 ya ce azumin da Allah yake so ya haɗa da raba abinci da mayunwaci. Da yunwa ta faɗa wa Kaisariya, a ƙasar Turkiyya ta yau, wajen shekara ta 369, malamin ikilisiyar garin mai suna Basil bai yi wa talakawa wa'azin kamewa ba. Attajiran da suka kulle rumbunansu suna jiran farashi ya hau ya sa a gaba, har suka buɗe, shi kuma ya kafa tukwane yana rabon abinci da hannunsa.

Da wannan ma'auni, zari da rowa 'yan gida ɗaya ne. Mai sayen hatsi da arha da kaka ya ɓoye sai Agusta, ko da shi kansa koko yake sha da safe, cikinsa ya fi na acici faɗi. Haka mai bikin da ake kwashe ragowar shinkafarsa a zubar a bola, almajirai na leƙe ta ƙofa. Shi kuma mai bayarwa yana da nasa gargaɗin a bakin Hausawa, cewa lomar hasafi ta fi kaɓakin wulaƙanci.

A ikilisiyoyin karkara na ƙasar Hausa ana yin sujadar godiya bayan girbi. Wannan ya kawo damin gero, wancan kwanon wake, wata ta kawo kaza ko gyaɗa, a tara gaban bagade. 'Yan Zumuntar Mata su ne suka san gidan gwauruwar da ba a hura wuta jiya ba. Tambayar da dattawan ikilisiya kan zauna a kanta bayan an tashi ita ce nawa za a sayar don gyaran rufi, nawa za a ba fasto, nawa kuma za a ajiye har damina ta yi tsakiya.