Maganar Lincoln da Aka Ɗauko Daga Makabarta

Duk wanda ya zauna ajin darasin gwamnati a sakandare ya haddace ta: dimokuraɗiyya ita ce gwamnatin jama'a, wadda jama'a ke gudanarwa, domin amfanin jama'a. Malam ya rubuta a allo, ya liƙa sunan Abraham Lincoln, ɗalibai su kwafa. Abin da ba a cika gaya musu ba shi ne, Lincoln ba darasi ya tashi koyarwa ba. A makabarta ya yi maganar, yaƙin basasar Amurka na kan ganiyarsa, kuma jimlar da muke haddacewa guntuwa ce, an datse mata kai da ƙafa.

Daga 1 zuwa 3 ga Yulin 1863 aka gwabza a Gettysburg, wani ƙaramin gari a jihar Pennsylvania, tsakanin sojojin tarayya da na jihohin Kudu 11 da suka ɓalle. Waɗanda suka mutu, da masu rauni, da waɗanda aka kama ko suka ɓace sun kai wajen 50,000. Ranar 19 ga Nuwamba aka taru domin keɓe filin da aka binne sojojin tarayya. Babban mai jawabi shi ne Edward Everett, wanda ya kwashe kimanin awa biyu yana magana. Shugaban ƙasa Lincoln kuwa ya gama nasa cikin minti biyu, da kalmomin da ba su kai 300 ba.

Irin wannan jawabi yana da tsohon tsari a al'adar Turawa, tun daga wanda ake danganta wa Pericles a birnin Atina na tsohuwar Girka: a ambaci magabata, a yabi waɗanda suka faɗi a fagen fama, sannan a juyo kan masu rai. Kashi na ukun nan shi ne ainihin manufar. Ko a zaman makokinmu, bayan an yi wa mamaci addu'a, maganar kan koma ga marayun da ya bari da wanda zai riƙe su. Lincoln ya gajarce kashi biyu na farko ƙwarai. Bai ambaci sunan ko da soja ɗaya ba, bai zagi Kudu ba, kalmar bauta ma ba ta fito daga bakinsa ba. Ya ce masu rai ba su isa su tsarkake wannan fili ba, domin matattu sun riga sun yi. Abin da ya rage musu shi ne su ƙarasa aikin, su ɗauki alkawarin cewa gwamnatin jama'a "ba za ta gushe daga doron ƙasa ba". Nan ne jimlar ta ƙare, kuma nan ne nauyinta yake. A fakaice, roƙon mutane yake su ci gaba da ba da 'ya'yansu.

Me ya haɗa ɓallewar Kudu da mulkin jama'a? Lincoln ya ci zaɓen 1860 da kusan kashi 40 cikin 100 na ƙuri'u, jihohin Kudu masu riƙe da bayi suka ƙi yarda, suka fara ficewa tun kafin a rantsar da shi. A ganinsa, idan wanda ya faɗi zaɓe zai iya ɗaukar bindiga ya raba ƙasa, to zaɓe ya tashi daga aiki, sarakunan Turai kuma za su ce da ma sun faɗa cewa mulkin jama'a ba ya ɗorewa. A jawabin kuwa, ya ƙirga shekarun ƙasar daga 1776, shekarar da aka shelanta cewa an halicci mutane daidai, ya tsallake tsarin mulkin 1787 da ya kau da kai daga bauta.

Lafazin ba shi ya ƙaga ba. Daniel Webster ya faɗi makamancinsa a majalisar dattawa a 1830, haka ma Theodore Parker, malamin coci mai yaƙi da bauta, a 1850. Lincoln ya tace shi ne kawai.

Sai dai tambayar da ba a so: su wane ne jama'ar? Ƙidayar 1860 ta nuna bayi kusan miliyan 4. Shelar 'yanta bayi ta Janairun 1863 ba ta shafi jihohin da ba su yi tawaye ba. Sai a 1865 aka soke bautar baki ɗaya. Mata ba su sami damar jefa ƙuri'a a faɗin ƙasar ba sai 1920, baƙaƙen fata na Kudu kuwa an yi ta toshe musu hanya har dokar 1965. A shekarar jawabin ma, mai dala 300 yana iya fansar kansa daga shiga soja, talaka ya tafi. Wannan na cikin abin da ya tayar da tarzoma a New York a watan Yuli. Shi kansa Lincoln ya dakatar da 'yancin wanda aka tsare na neman a kai shi gaban alƙali. Don haka wanda ya ɗauki jimlar a matsayin hoton Amurka ta wancan lokaci ya yi kuskure. Alkawari ne da ba a cika ba tukuna, kuma mai maganar ya san haka.

Abu ɗaya dai ba za a ƙwace masa ba. A Nuwamban 1864, yaƙi bai ƙare ba, shi kansa a watan Agusta ya zaci zai faɗi, amma bai ɗage zaɓe ba. Aka kaɗa ƙuri'a, har sojoji da dama suka jefa tasu daga sansani. A wurina wannan ya fi kowane sharhi fassara maganar.

Tun daga nan jimlar ta yi tafiya, har Faransa ta sa ta cikin tsarin mulkinta na 1958. Malamin da zai rubuta ta a allo gobe, don Allah ya rubuta ta har ƙarshe, ya kuma gaya wa yara inda aka faɗe ta da abin da aka nema a wurin waɗanda suka saurara.