Baƙo a Rumfar Baduku

A ƙasar Gobir, daga Isa da Turba zuwa Sabon Birni har a tsallaka Tsibiri ta jihar Maraɗi, mai sana'ar hannu ba shi da ɗakin baje koli. Zauren gidansa ko rumfarsa ta ranar kasuwa, nan yake aiki, nan yake karɓar baƙi. Tun kafin Bature matafiyi Clapperton ya iso Sakkwato a 1824 ayari ke ratsa hamada da jar fatar akuyar wannan yanki, ta isa Turai da sunan fatar Maroko. Bayan 'yancin kai sai Turawan suka riƙa zuwa rumfar da ƙafarsu. Malamin makaranta ko ma'aikacin agaji, irin 'yan Peace Corps na Amurka da suka zauna ƙauyukan Nijar daga 1962 zuwa 2011, in lokacin komawa gida ya matso sai a kai shi wurin dukawa ya yi tsaraba.

Ƙarshen aiki kawai baƙon yake gani. Kafin fata ta zo hannun baduku ta yi kwanaki a majema: a jiƙa ta a ruwan toka gashi ya saki, a kankare, a tsoma ta a ruwan bagaruwa, a shafe ta da mai, sannan a rina da karan dafi in ja ake so. Rabin kyan zabira daga nan ya fito, amma wari ya sa an tura majema gefen gari, ba mai kai baƙo can.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ziyarar ke sauya kayan. Gafaka, kube, laya, ragamar doki, kowanne akwai mai shi da ya ba da aiki, ya kuma san abin da yake so. In ɗinki ya warware, malamin ko mahayin zai dawo da kayansa ya yi magana a gaban jama'a, kuma tsoron wannan kunyar ne ke gyara hannun baduku. Baƙo kuwa ba ya dawowa. Abin da zai shiga akwati yake nema, sai aka koma jakar hannu da mariƙin makulli da tumtum mai yawan launi, ado ya yi yawa, ɗinki ya yi sakwa-sakwa. Ban ga laifin baduku ba, iyali yake ciyarwa, kuma kuɗin baƙi sun riƙe rumfunan da kayan roba suka so kashewa. Gidan tarihin Yamai, da aka buɗe a 1959, ya tara masu sana'a suna aiki a gaban masu ziyara. Ya kyauta, sai dai ya nisanta su da mai sayen da ya iya duba cikin ɗinki.

Yau Bature ba ya bin hanyar Isa. 'Yan bindiga sun tare ta, kuma tun 2019 dubban mutanen Sabon Birni da Isa suke gudun hijira zuwa wajen Gidan Rumji a jihar Maraɗi. Bagobiri ne yanzu baƙo a ƙasar waje, ko da yake wurin 'yan uwansa ya sauka, kuma in ya shiga rumfar baduku kube ko laya yake nema, ya san farashi, ya san aiki. Matsalar tana wajen fata. An kore awaki daga ƙauyuka, kasuwanni da dama sun daina ci, kuma yaron da ya kamata ya zauna gefen ubansa yana koyon riƙe wuƙa ba shi da abin da zai yanka.