Aljanin da masu sharhi suka mayar da shi misali

Ba kasafai fim ɗin ban tsoro ke samun yabon da Under the Shadow ya samu ba. Babak Anvari, ɗan asalin Iran mazaunin Birtaniya, ya shirya shi da harshen Farisanci, aka ɗauke shi a ƙasar Jodan, aka fara nuna shi a bikin fina-finai na Sundance a 2016. Birtaniya ta shigar da shi gasar Oscar, ya kuma ci kyautar BAFTA a 2017. Mark Kermode, fitaccen mai sharhin fina-finai a Ingila, shi ya zaɓa a matsayin gwarzon fim ɗin shekarar.

Labarin ya faru ne a Tehran lokacin yaƙin Iran da Iraƙi. An hana Shideh komawa karatun likita saboda siyasar da ta shiga tana ɗaliba. An tura mijinta fagen daga, ta rage daga ita sai 'yarta Dorsa. Makami mai linzami ya faɗo bisa gidan da suke haya bai fashe ba, sai 'yar tsanar yarinyar ta ɓace. Wata maƙwabciya ta gargaɗe ta cewa aljanu iska suke bi, kuma in suka ɗauke abin da mutum yake ƙauna, sun sami hanyar binsa.

Yawancin masu sharhin Turai da Amurka hanya ɗaya suka bi. A wurinsu aljanin misali ne na yaƙi da na takurar da ake wa mata, shi ya sa suka yi ta kwatanta fim ɗin da The Babadook na 2014. Suna da hujja. Aljanin yana bayyana cikin ƙaton mayafi, kuma daren da Shideh ta ruga titi a firgice ba lulluɓi, jami'an tsaro kama ta suka yi.

Sai dai wannan fassarar ta rage wa fim ɗin ƙarfi. Da zarar an ce aljanin misali ne kurum, maƙwabciyar ta zama mai camfi, mai kallo kuma ya sami wurin fakewa. Anvari bai ba da wannan mafaka ba. Shideh mai ilimin zamani ce ta jefar da abin kariyar da wani yaro maraya ya ba Dorsa, kuma ita ce ta sha wuya. A ƙarshe sun tsere cikin mota, amma kan 'yar tsanar da littafin likitancin da mahaifiyarta ta ba ta suna can a baya. Bisa ƙa'idar da maƙwabciyar ta faɗa, ba su tsira ba.

Mai kallon da ya tashi da sanin cewa akwai sura sukutum mai sunan aljanu a Alƙur'ani zai ji nauyin wannan ƙarshen fiye da wanda ya zo warware alamomi. Zai ga zaluncin mutane da barazanar gaibu a gida ɗaya, kowanne da gaskiyarsa.

Akwai abin lura a nan ga marubutanmu masu labaran aljanu. Wasu na cika shafi da ƙaho da jajayen idanu, su manta da rayuwar mutumin da aka shafa. Anvari ya ɓata kusan rabin fim ɗinsa kan ɓacin ran Shideh da tsamin aurenta kafin ya bari a ga komai, shi ya sa ɓatan 'yar tsana ɗaya ya isa ya tayar da tsikar jiki.