Jika Ba Ɗa: Matsalar Asali da Zumunci a Wasan Doctor Who

Gidan talabijin na Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, yana cikin tashoshin farko a Afirka da suka nuna wasan kwaikwayon nan na BBC mai suna Doctor Who, tun a tsakiyar shekarun 1960. Finafinan wasan sun ci gaba da yawo tsakanin tashoshin Nijeriya, har a 2013 aka tsinto kashi tara da suka ɓace wa BBC a wani ɗakin ajiya a Jos. Ke nan wasan ba baƙo ba ne a Arewa, ya kuma cancanci a yi masa tambayar da Bahaushe ke fara yi wa kowane baƙo, watau ɗan wane ne?

An fara wasan ran 23 ga Nuwamba 1963. Tauraronsa wani dattijo ne da ake kira Dakta, mutumin wata duniya, mai ratsa sararin sama da zamunna cikin jirgi mai suna TARDIS, tare da jikarsa Susan. Wannan jikanci kuwa ba daga cikin labarin ya tsiro ba. Marubucin kashin farko, Anthony Coburn, shi ya ga bai dace tsoho ya riƙa yawo da budurwar da ba muharramarsa ba, sai ya mai da ita jika. An toshe ƙofar zargi, amma an buɗe wata, domin duk inda aka ga jika akwai ɗa ko 'ya a tsakani. Shekara sittin da ɗoriya wasan bai ambaci sunan iyayen Susan ba.

Wannan shiru ba aibi ba ne ga mai kallo Bahaushe. Ya saba da uban da ba ya kiran sunan ɗansa na fari saboda kunya, alhali yana sakin jiki da jika, har ya kira ta matarsa cikin wasa. A wani kashi na 1967 ma Dakta ya shaida wa wata marainiya, Victoria, cewa danginsa suna nan a zuciyarsa, sai ya so yake tuno su. Ana iya fassara hakan da kara.

Inda gizo ke saƙar shi ne tufka da warwara wajen asali. A fim ɗin talabijin na 1996 Dakta ya ce mahaifiyarsa 'yar wannan duniya tamu ce. Da aka farfaɗo da wasan a 2005 sai aka yi kamar ba a taɓa faɗin haka ba. A 2020 aka ce ashe tsintacciyar yarinya ce da wata mata, Tecteun, ta tsinta ta kai duniyar Gallifrey. A 2024 kuma ya nuna cewa bai ma haihu ba tukuna, watau jika ta riga ɗa zuwa duniya! Dalili a fili yake: marubuta suna sauyawa, kowa da kiɗansa. Tun 1966, da Patrick Troughton ya gaji William Hartnell, aka kafa cewa Dakta yana rikiɗa ya sake jiki, sai marubuta suka ɗauki wannan a matsayin izinin sake masa har da tsatso. Amma rikiɗa daban, asali daban. Tatsuniya ta yarda kowane abu ya rikiɗa, duk da haka ba a taɓa wayar gari an ce Ƙoƙi ba matar Gizo ba ce.

Sai dai babban rauni ba nan yake ba, yana ga abin da aka yi wa Susan. A Disamba 1964 Dakta ya kulle mata ƙofar jirgi, ya bar ta a kangon birnin Landan na ƙarni na 22 don ta auri David Campbell, ya yi alkawarin zai dawo. Kaka ya aurar da jika ke nan, ba gara, ba ganin ɗaki. A lokacin yana da hanzari, don bai iya sarrafa jirgin yadda yake so ba. Daga baya ya iya, hanzari ya ƙare. Mai jirgin da ke komawa jiya ba zai kawo uzurin nisa ko ƙurewar lokaci ba. Haɗuwarsu ta 1983 ma sato su aka yi aka tara wuri guda, kuma ba a ji ya tambaye ta lafiyar maigidanta ba. Wasan yana son a ɗauki Dakta mai tausayin halitta duka, ga shi ya yanke zumunci da jikarsa. A 2025 Carole Ann Ford, wadda ta fito a matsayin Susan tun 1963, ta sake bayyana na ɗan lokaci cikin wani gani da Dakta ya yi. A nan ma ita ce ke kiransa ya zo ya neme ta.